Yayanmu ya ce ba zai zo taron cikar Hajiya shekara 70 ba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a Abuja, kuma ni ce ta uku a cikin 'ya'ya bakwai na mahaifiyarmu, wadda take zaune a gidanmu na gado a Zariya tun bayan rasuwar mahaifinmu. A katinta na ɗan ƙasa an rubuta 1 ga Janairu, 1956, ko da yake ita takan ce da damina aka haife ta, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo. 'Yata za ta cika shekara 10 a ƙarshen Disamba, autanmu kuma zai cika 30 a makon farko na Janairu. Ganin haka na kawo shawara a zauren WhatsApp na gidanmu cewa mu haɗe ukun, mu taru a Zariya daga Juma'a 2 zuwa Lahadi 4 ga Janairun 2026, a yi anko, a kama ɗakin taro, a yanka kek, kowa ya ba da naira 150,000. Babban yayanmu da ke Kano ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa bidi'a ne, shi da iyalinsa ba za su zo ba. Ƙanwata malamar firamare ta yi shiru tun ranar, mutum biyu ne kawai suka biya, ni kuwa har na ba da kafin alƙalami na ɗakin taron. Ba mu gaya wa Hajiya ba domin so nake abin ya zo mata ba zata. Akwai kuma abokiyar zamanta da 'ya'yanta a ɗaya sashen gidan, na rasa ko a sa su ko a bar su. Rabon da mu bakwai mu haɗu tun zaman makokin Baba, shekara shida ke nan. Shin in fasa, ko in ci gaba ko da Yaya bai zo ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Kada ki fasa taron, kuma kada ki ci gaba da shi a yadda kika tsara shi. Maganar da ta fi kowace nauyi a wasiƙarki ita ce wadda kika ajiye a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa shekara shida ke nan ku bakwai ba ku zauna a tsakar gida ɗaya ba, kuma abin da ya tara ku a wancan karon rasuwa ce. Idan aka bar al'amarin yana tafiya haka, ni da ke mun san irin taron da zai sake haɗa ku, Allah Ya ja da ran Hajiya. Niyyarki mai kyau ce, sai dai kin ɗora mata ɗakin taro da anko da kek da kuɗin da aka yanka wa kowa, har kayan suna neman danne ainihin abin da kike nema, wato Hajiya ta ɗaga ido ta ga 'ya'yanta da jikokinta a gabanta tana da rai da lafiya.

Zan fara da Hajiya, domin ita ce aka fi mantawa da ita a cikin wannan shiri duk da cewa da sunanta ake yin sa. Ki janye maganar ba zata tun yau. Dattijuwar da ta yi shekaru tana riƙe da gida ba ta jin daɗin a cika mata tsakar gida da mutum talatin ba tare da saninta ba, saboda abin da zai fara zuwa ranta shi ne inda za a kwana, da abin da za a ci, da maƙwabciyar da ba a gaya wa ba wadda za ta riƙe abin a zuciya har shekara ta zagayo. Kuma sirrin da mutum bakwai da matansu da mazajensu da 'ya'yansu suka sani ya daina zama sirri. Labarin zai isa kunnenta ta bakin jika ko suruka, kuma ba zai isa a matsayin albishir ba, zai isa ne a matsayin cewa 'ya'yanta suna sa-in-sa a kanta, babban ɗanta har ya ce ba zai zo ba. Uwa mai shekara saba'in da ta kwana da wannan labari ba za ta yi barci ba.

Ki kira ta, ko ma ki je da ƙafarki idan da hali, kuma ki lura da yadda za ki ɗauko zancen. Kada ki tambaye ta ko tana son a yi mata bazde, domin kunya da kawaici za su sa ta ce ita ba yarinya ba ce, a bar kuɗin a yi wani abu da su. Ki ce mata, "Hajiya, muna so mu zo dukkanmu da yara mu kwana biyu a wurinki kafin a koma makaranta, me kike so a dafa, kuma wa kike so a gaya wa?" Daga nan sai ki yi shiru ki saurara. Na fi zaton za ta fara lissafo miki mutanen da ba su taɓa shiga jerinki ba, kamar ƙanwarta da ke aure a ƙauye, da aminiyarta ta tun ƙuruciya, da tsohon almajirin gidan da ya zama magidanci, da wata gwaggo da kuka daɗe da ɗauka ta manta da ku. Wannan jerin nata shi ne ainihin taron, kuma ina da yaƙinin ba za ta ambaci ɗakin taro ba. Ki kwatanta da kanki. A ɗakin taro za a ɗora ta a kan doguwar kujera can sama, cikin sanyin hunturun Zariya, lasifika tana dukan kunnenta, ba ta jin abin da mai gaishe ta yake faɗa, lokacin la'asar ya yi tana neman inda za ta yi alwala cikin sutura. A gida kuwa tana kan dardumarta a ƙofar ɗaki, butarta da carbinta a gefe, jika yana kan cinyarta, duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambaye shi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Batun ranar haihuwar tata ma yana da amfani a gare ki fiye da yadda kike tsammani. A zamanin da aka haifi Hajiya, gidaje kaɗan ne suke rubuta ranar haihuwa, kuma dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin Nijeriya a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa sai a 1992 aka yi ta. Shi ya sa za ki ga dattawa da yawa suna ɗauke da 1 ga Janairu a katinsu, domin ranar da aka je yin takardar shaidar shekaru ko fasfon aikin Hajji, 1 ga Janairu ce ranar da ta fi sauƙin rubutawa. Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya a ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairun 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, saboda haka shekarar da Hajiya take faɗa daidai ce, amma idan da damina aka haife ta, to ranar da ke kan katin ba tata ba ce. Idan kuma aka bi lissafin Hijira, wanda shekararsa take gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, daminar 1956 ta faɗo ne a ƙarshen 1375 da farkon 1376, ga shi Janairun 2026 ya faɗo a cikin 1447, wato ta wuce shekara 71 tun tuni. Abin da nake so ki gane shi ne babu wata rana tabbatacciya da kike karewa. Ranakun da kika zaɓa sun yi kyau ne saboda yara suna hutu, ga Alhamis 1 ga wata ranar hutun ma'aikata, kuma wannan dalili ya wadatar ba sai an jingina shi da haihuwar kowa ba.

Wannan ya kawo mu ga Yaya. Ba fatawa nake bayarwa a wannan fili ba, amma ya kamata ki san cewa maganarsa ba ƙirƙirarta ya yi ba. Manyan malamai irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin, da kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, sun tafi a kan cewa bikin zagayowar ranar haihuwa bai halatta ba, ko dai saboda ƙirƙiro idi ne da shari'a ba ta zo da shi ba, ko saboda kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba. Hukumar fatawa ta Masar kuma, da malaman da suke kan fahimtarta, suna ganin al'ada ce ba ibada ba, don haka ta halatta matuƙar an yi ta domin godiya ga Allah kuma ba a haɗa ta da abin da aka haramta ba. Har hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da azumin Litinin ya ce ranar ce aka haife shi, kowane ɓangare yana kafa hujja da shi, wasu suna cewa ya nuna ana tuna ranar haihuwa, wasu suna cewa ya nuna da azumi ake tuna ta ba da biki ba. Saɓanin da malamai suka daɗe suna yi ba za a warware shi a zauren WhatsApp na gidanku ba, inda wannan zai turo karatun malaminsa, waccan ta turo na nata, matan 'yan'uwa da ƙananan ƙanne suna kallo. Duk hujjar da kika kawo masa a gaban jama'a ƙara masa dalilin tsayawa a kan bakansa take yi, domin yanzu girmansa na babban wa ya shiga cikin maganar.

Ki kira shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda ƙanwa take gaida yaya, ki ce kin ji maganarsa kuma kin cire abin da ya ƙi. Ki gaya masa cewa ranar Asabar zaman zumunci za a yi a gida, babu kek, babu kiɗa, babu rubutun shekaru a bango, kuma ba rana ce da za a tsayar duk shekara ba. Sannan ki roƙe shi ya jagoranci zaman, shi zai yi wa dangi maraba, shi zai yi addu'a, shi zai yi magana a madadinku ku bakwai. Tun da Baba ya rasu shi ne uba a gidan, kuma ina zargin wani ɓangare na fushinsa ya samo asali ne daga yadda ya tsinci shirin a waya tare da kowa, an riga an yanke rana da kuɗi, ba a tuntuɓe shi ba. Mutumin da ya ƙi taro saboda addini ba zai iya ƙin sada zumunci da sunan addini ba, domin ya fi ki sanin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda yake son a yalwata masa arziki kuma a tsawaita masa kwana ya sada zumuncinsa, ya kuma san abin da ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i suka ce game da iyayen da tsufa ya riska a wurin 'ya'yansu. Amma kada ki karanta masa waɗannan, ki bar shi ya tuno su da kansa.

Akwai wani tarko da mutane suke yawan faɗawa a nan, kuma gara in faɗa miki shi tun da wuri. Wasu za su ba ki shawara ki mayar da taron saukar Alƙur'ani ko walimar addu'a ta cikar shekara saba'in, a zatonsu hakan zai gamsar da Yaya. Ga mai irin fahimtarsa wannan ya fi kek matsala, saboda an ɗauki ibada an keɓe mata rana da dalilin da shari'a ba ta keɓe ba, wanda shi ne ainihin abin da yake kira bidi'a. Idan Hajiya da kanta ta nemi a yi sauka ko a fitar da sadaka, wannan tsakaninta da ɗanta ne, kuma ita ta san yadda take magana da shi. Ke dai kada ki kawo shi a matsayin sulhu.

Kada kuma ki yaudare shi. Babban kuskuren da za ki yi shi ne ki ce masa an fasa, ya ɗebo iyalinsa daga Kano, ana tsakiyar cin abinci sai ga wata ta fito daga ɗaki da kek da kyandir, yara suna tafi, ana ɗaukarsa a waya. Ranar za ki rasa amincewarsa, kuma duk taron da kika sake kira zai ce akwai lauje cikin naɗi. Ki gaya masa gaskiya cewa kin yi wa 'yarki alkawarin kek, za ki cika mata a ɗakinku ranar Juma'a da daddare kafin ya iso, ko ranar Lahadi bayan ya kama hanya, kuma ba za a ja 'ya'yansa ciki ba tare da izninsa ba. Idan bayan duk wannan ya ce ba zai zo ba, to ki ci gaba da shirinki, ki sanar da Hajiya ba tare da ƙarin gishiri ba, a aika masa da nasa kason abinci da gaisuwa, kuma kada a zauna ana cin namansa a tsakar gida. Kira ɗaya daga Hajiya, ta ce masa tana son ganinsa ranar Asabar, zai yi abin da saƙonninki ɗari ba za su yi ba.

Game da haɗa mutum uku a biki ɗaya, haɗa tafiyar dabara ce mai kyau, amma haɗa zaman ba zai yi wa kowa daɗi ba. Yarinya mai shekara goma za ta ɓace a cikin taron manya, ta tsaya a gefe da sabon ɗinki tana jiran a kira sunanta, manya kuwa suna can suna gaishe-gaishe. Ki ba ta sa'arta ita kaɗai tare da 'yan'uwanta yara, ƙaramin kek da zoɓo da cincin sun isa. Sai dai ki tuna cewa a cikin yaran da za su kewaye ta akwai waɗanda ba a taɓa yi musu irin wannan ba, ko don iyayensu ba su da hali ko don ba su yarda da shi ba, saboda haka babbar kyautar da kika saya mata ki bar ta a Abuja, ki zo da ƙananan abubuwa iri ɗaya da za a raba wa kowane yaro, littafi da fensir da alewa, har da yaran ɗaya sashen. Autanku kuwa namiji ne mai shekara talatin, addu'ar Hajiya da tsokanar yayye a kan maganar aure sun ishe shi, kuma zan yi mamaki idan shi ya nemi fiye da haka.

Shirun ƙanwarki amsa ce, kuma amsar tana da alaƙa da naira 150,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun daga Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kin nemi malamar firamare ta kawo abin da ya haura ninki biyu na wannan adadi, ban da kuɗin mota nata da na 'ya'yanta, ban da ɗinkin anko, ban da tsarabar da ba za ta iya shiga gidan uwarta ba tare da ita ba, kuma duk wannan a makon da ake shirin biyan kuɗin makaranta na sabon zango. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, zuwa kawai ya zama gudummawa ga mai ƙaramin ƙarfi. Raba kuɗi daidai wa daida tsakanin 'yan'uwan da samunsu ya bambanta yana kama da adalci a takarda, amma a aikace yana tilasta wa mai rauni ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ya ci bashi ko ya ƙirƙiro uzurin rashin zuwa. Ba za ta fito a gaban ƙannenta da matan yayyenta ta ce ba ta da shi ba. Ki kira ta a keɓe ki ce an soke adadin, abin da ake so daga gare ta shi ne ta zo da yara, idan ma da hali ki tura mata kuɗin mota ba tare da kowa ya sani ba.

Idan kika lissafa, mutum bakwai a kan 150,000 ya kama naira miliyan ɗaya da dubu hamsin, kuma mafi yawansa ɗakin taro da ado da anko da mai hoto ne za su cinye. Da zarar an cire su, abin da ya rage shi ne abincin kwana biyu, da hayar kujeru da rumfa, da man janareto, da ruwa. Wannan ke da mutum biyun da suka riga suka biya za ku iya ɗaukar mafi yawansa, kuma daidai ne ki fi kowa bayarwa tunda ke kika kira taron. Sauran kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a tura wa mutum ɗaya amintacce, kuma a daina liƙa shaidar biya a zauren gida, domin kowace shaida da aka liƙa tuni ce ga wanda bai biya ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da abin bayarwa, wani zai je kasuwa, wata ta iya waina da miyar taushe, wani zai ɗauko gwaggo daga ƙauye. Idan kuɗi ya yi rara, ki dubi gidan da idon basira kafin ki sayi leshi na goma da zai kwanta a akwati. Wataƙila banɗakin Hajiya yana buƙatar abin zama da abin riƙewa saboda gwiwa, wataƙila rabonta da ganin likitan ido an daɗe, wataƙila na'urar awon hawan jini ko fitila mai aiki da hasken rana ce za ta fi yi mata amfani kullum.

Tambayarki a kan abokiyar zaman Hajiya ba ta buƙatar dogon nazari. A gida ɗaya suke, gidan kuma na mahaifinku ne ku duka, saboda haka babu yadda za a kafa tukwane a tsakar gida, ƙamshi yana shiga sashenta, a ce ba a sa ta ba. Ki shiga ɗakinta da kanki, ko ki kira ta tun yanzu, ki sanar da ita a matsayin uwa ba a matsayin baƙuwa ba, ki nemi shawararta a kan girki da masauki. 'Ya'yanta 'yan'uwanku ne, a gaya musu ɗaya bayan ɗaya, kada a yanka musu kuɗi, amma idan sun kawo a karɓa da godiya. Idan za a yi wa Hajiya sutura, a haɗa da turmin atamfa nata. Wannan ma wani dalili ne da ya sa zaman zumunci ya fi bikin mutum ɗaya dacewa da gidanku, domin a zaman zumunci tana da kujerarta, a bikin kishiya kuwa 'yar kallo ce. Idan ku kun koma garuruwanku ranar Lahadi, ita ce za ta ji motsin Hajiya da tsakar dare idan jiki ya ƙi.

Sauran bayanai na tsarin kwanakin ne. Kowa ya yi ƙoƙari ya isa Zariya da rana, kafin magariba, saboda hazon hunturu da halin da hanyoyinmu suke ciki, kuma wanda zai iya tasowa tun Alhamis ya fi. Ku na Abuja idan jirgin ƙasa za ku bi daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, ku nemi tikiti da wuri domin yakan yi wuya a ƙarshen shekara, ku kuma tanadi motar da za ta ƙarasa da ku, tafiyar kimanin kilomita 80 ce daga Kaduna. A raba wurin kwana tun kafin a zo, a tanadi barguna, kuma a samar wa mazajenku masauki a waje, domin ba kowane suruki ne zai sake a gidan surukarsa ba. Ki kula ƙwarai da wanda zai tsaya a murhu. A irin wannan taro 'ya'yan gida sukan baje a ɗakin uwarsu suna hira, matan 'yan'uwa kuma su wuni a madafa daga waina zuwa tuwo zuwa wanke-wanke, su koma gidajensu da ciwon baya da ƙorafi. Ku ɗauki masu aikin girki biyu daga unguwa a biya su, sauran aikin a raba tsakanin 'ya'ya da surukai ba bambanci. A ware wa Hajiya nata abincin idan likita ya hana ta gishiri ko zaƙi, kada murna ta sa a yi ta tura mata lemon kwalba.

Ranar Asabar da safe ku rarrabu ku gaida dangi da maƙwabta da abokan Baba da suka rage, zumunci a ƙafa yake. A ci abincin rana tare, sannan bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a bar Hajiya ta yi magana. Ku tambaye ta sunayen kakanninta da garin da suka fito, da yadda aka kawo ta gidan, da yadda unguwar take lokacin da ta zo, da wanda aka yi wa takwara a cikinku da dalilin hakan. Idan ta yarda, a ɗauki muryarta a waya a adana, domin jikokin da suke tasowa a Abuja da Kano ba su da wata hanyar sanin waɗannan abubuwa. Ki roƙi kowa tun kafin a zo cewa ba za a ɗauko maganar gado ko gyaran gida ko tsohon bashi a wannan zama ba, idan akwai buƙatar hakan a sa masa wata rana. A yi hoto ɗaya na gida gaba ɗaya, uwayen biyu a tsakiya, amma kada a ɗora hoton matar kowa ko na Hajiya a Facebook ko TikTok sai da yardarsu, musamman iyalin Yaya.

Ranar Lahadi a share gida, a mayar da kujerun haya da tukwanen aro, a biya duk wanda ake bi kafin a tafi, kada a bar wa tsohuwa tulin wanke-wanke da mai rumfa yana sallama a ƙofa. Kada kuma ku watse gaba ɗaya a sa'a guda, domin gidan da ya cika da hayaniya kwana biyu idan ya yi tsit lokaci ɗaya yakan yi wa dattijo nauyi. Wanda aikinsa ya ba shi dama, ko autan ko ɗaya daga cikin manyan jikoki, ya ƙara kwana ɗaya ko biyu.

A wannan makon ki fara da Hajiya, sai Yaya, sai ƙanwarki, sai abokiyar zaman Hajiya, kuma kada ki rubuta komai a zauren gida sai kin gama da su huɗun. Bayan haka, idan Yaya ya amince, ki bar shi ya sanar da sabon tsarin da bakinsa. Masu ɗakin taron kuwa ki kira su gobe da safe, tunda da sauran lokaci kuma ƙarshen shekara lokacin bukukuwa ne, mai yiwuwa su sami wanda zai karɓi ranar su mayar miki da wani abu daga kafin alƙalamin, idan kuma sun ƙi, ki bar musu shi.